Komai da Lokacinsa, Amma Wa Ke Jira?

A ƙasar Faransa akwai wani cuku da doka ta yanka wa ranar fitowa kasuwa da ranar barin ta. Sunansa Mont d'Or, ana yin sa a tsaunukan Jura da ke kan iyaka da Suwizalan. Ba a fara sayar da shi sai ranar 10 ga Satumba, kuma daga 10 ga Mayu an rufe ke nan. Ko nawa ka zo da shi a watan Yuli, mai kanti zai ce ka dawo bayan wata biyu. Alhali shanu na nan da ransu, madara ba ta ƙare ba, firiji kuma na kowane gida. Mutane ne kawai suka yarda a tsakaninsu cewa wannan abu yana da lokaci, idan lokacin ya wuce kuma a haƙura.

Japanawa su ma suna da irin wannan tunani, har ma sun ba shi suna. Suna cewa kowane abin ci yana da nasa shun, wato 'yan kwanakin da yake kan ganiyar daɗinsa, yake kuma da yawa da araha. Tohon gora yana da nasa a farkon ɗumi, bayan sanyi ya kau. Kifin sanma yana da nasa a kaka. Tsohuwar kalandarsu, wadda suka aro daga Sin suka gyara ta dace da ƙasarsu, ta raba shekara gida 24, ta sake raba kowane gida uku, ya zama ƙananan lokuta 72, kowanne wajen kwana biyar.

Duniya ta yaba wa ƙasashen biyu a kan wannan. Hukumar UNESCO ta sa tsarin liyafar Faransawa cikin jerin al'adun da ya kamata a adana a 2010, ta sa girkin gargajiyar Japan, washoku, a 2013. Masu rubutu a kan abinci kan kawo su a matsayin misalin mutanen da suka san darajar haƙuri, a zamanin da jirgin sama ke iya kawo maka kowane ɗan itace a kowane wata.

Ni dai akwai abin da ke damuna a wannan yabo. Shin cin abu a lokacinsa halin kirki ne da gaske, ko kuwa ado ne na wanda ya ƙoshi? Miliyoyin mutane a duniya suna cin abin da lokaci ya kawo ne saboda ba su da wani, kuma ba wanda ya taɓa ba su lambar yabo. Me ya sa idan attajiri a Paris ko Kyoto ya yi haka sai a kira shi hikima?

Matakai uku na abu ɗaya

Kafin a yanke hukunci, ya kamata a ga yadda abin yake a aikace. Masu girkin Japan ba su tsaya ga cewa abu ya shigo ko ya wuce ba. Sun raba zamanin kowane abinci gida uku. Akwai hashiri, fitowar farko, lokacin da abin ke da ƙaranci da tsada, sau da yawa ma bai gama nuna ba. Akwai sakari, tsakiyar lokaci, inda ya cika kasuwa ya yi araha. Sai nagori, ƙarshen lokaci, inda abin ya fara tsufa, mai ci kuma ya san ba zai sake ganin sa ba sai baɗi, idan da rai.

A Kyoto, idan zafi ya fara ja da baya, akan dafa romo a ɗan ƙaramin tulu, a haɗa kifin hamo, wanda abincin tsakiyar zafi ne kuma yana dab da wucewa, da lemar kwaɗon matsutake, wadda yanzu ta fara leƙowa da kaka. Mai tafiya da mai zuwa sun gamu a kwano ɗaya. Makonni kaɗan ne a shekara ake iya yin wannan haɗi.

Faransawa kuma sun fi jingina abin da ƙasa. Suna da kalmar terroir, wadda ke nufin cewa turɓayar wuri da ruwansa da iskarsa da hannun mutanensa duk suna shiga cikin ɗanɗanon abin da ya fito daga can. A 1925 suka kafa doka cewa ba cukun da zai amsa sunan Roquefort sai wanda aka yi da madarar tumaki aka kuma ajiye shi ya nuna a kogunan dutse na wannan ƙauye. Wanda ya yarda cewa wuri yana da ɗanɗano, ba zai yi wuya ya yarda cewa wata ma yana da nasa ba.

Al'adun biyu sun haɗu sosai daga shekarun 1960. Shizuo Tsuji ya buɗe makarantar koyon girki a Osaka a 1960, ya riƙa gayyatar manyan masu girkin Faransa su zo su koyar. Irin su Paul Bocuse sun je, sun koyar, sun kuma ga yadda ake jera abinci kaɗan a faranti ba tare da an binne shi da miya mai nauyi ba. A 1976 Bocuse ya fitar da littafin da sunansa kaɗai ya isa bayani, La Cuisine du marché, ma'ana girkin kasuwa: ka fara zuwa kasuwa ka ga abin da ranar ta kawo, sannan ka yanke abin da za ka dafa.

Duk wannan yana da kyau. Sai dai tarihi yana da wata fuska.

Haƙurin dole

Cukun nan na Mont d'Or, talauci ne ya haife shi. A watannin ɗumi shanu na kiwo a saman tsauni, madara ta wadata, ana yin manyan dunƙulen cukun Comté, wanda guda ɗaya kan kai wajen kilo 40 ya kuma ci madara wajen lita 400. Idan sanyi ya sauko, shanu sun koma garke suna cin busasshiyar ciyawa, madara ta ragu, ƙanƙara ta toshe hanyoyi, babu yadda za a tara abin da zai isa babban dunƙule. Sai manomi ya yi ɗan ƙarami da abin da ke hannunsa. Abin da yau ake saye da tsada ana marmari, jiya dabarar rashi ce.

Manoman Faransa na da suna da wata kalma, soudure, ga watannin da tsohon hatsi ya ƙare sabo kuma bai nuna ba. Mai karatu a Maraɗi ko Damagaram ya san wannan kalma, domin har yau ita hukumomi ke amfani da ita a Nijar idan rumbu ya yi ƙasa a tsakiyar damina, gero na gona bai isa yanka ba. Faransa ta daɗe da manta zafin kalmar, amma ta san shi a da. A yunwar 1693 zuwa 1694 mutum fiye da miliyan ɗaya suka mutu a ƙasar. Japan ma ta sha nata: yunwar Tenmei ta shekarun 1780 ta share ƙauyuka da dama a arewacin ƙasar.

A daidai wannan zamani na yunwa a Faransa, Sarki Louis na 14 yana da lambu mai faɗin kadada tara a fadarsa ta Versailles, wanda Jean-Baptiste de La Quintinie ya shimfiɗa masa tsakanin 1678 da 1683. Aikin wannan mutum shi ne ya karya lokaci. Da zafin ɗanyen takin dawaki, da murafun gilashi, da katangu masu riƙe ɗumin rana, ya riƙa kai wa sarki tohon asfaragus a tsakiyar hunturu da 'ya'yan sitiroberi tun a watan Maris. A wancan zamani alamar mulki ita ce ka ci abin da lokacinsa bai yi ba. Talaka ne ke jira.

Yau abin ya juye. Tumatir marar ɗanɗano a watan Janairu yana babban kanti, kowa na iya saye. Wanda ke cewa shi ba ya cin tumatir sai a Agusta, daga hannun manomin da ya sani, galibi mai hali ne, mai lokacin zagaya kasuwa da safe. Alamar gata ta canza riga, amma gatan na nan.

Haka labarin kaiseki, girkin da ya fi kowanne daraja a Japan. Ana danganta sunan da ɗumammen dutse da masu zuhudun addinin Buddha kan sa a cikin riga, a kan ciki, don su lallashi yunwa. A hannun Sen no Rikyu, malamin shan shayi da ya rasu a 1591, abinci ne ɗan kaɗan: shinkafa, romo ɗaya, da ƙananan kwanuka biyu ko uku. Mu kan ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. To a manyan gidajen abincin Kyoto na yau, romon wannan dutse yakan ci wa mutum ɗaya yen dubu talatin ko fiye a zama guda.

Idan haka ne, jira shi kaɗai ba ya sa mutum ya zama na kirki. Mai azumi da wanda ya rasa abin karyawa duk cikinsu wayam yake da azahar, amma ba wanda zai ce abu ɗaya suke yi. Ɗaya yana da tuwo a gabansa ya kame, ɗaya kuma ba a tambaye shi ba. Wanda ya zauna a kan cikakken rumbu yana yi wa mai yunwa wa'azin daɗin jira, ya ci zalinsa sau biyu. Don haka duk maganar da za mu yi daga nan ta shafi mai zaɓi ne: mutumin da zai iya samun abu, ake tambayar ko ya kamata ya karɓa.

Kwaɗayi cikin rigar al'ada

Ko a wajen mai zaɓin ma, bin lokaci yana iya zama wata hanyar haɗama. Mutanen Edo, wato Tokyo ta da, sun yi suna wajen haukar cin abin fari. Akwai camfin cewa wanda ya ci nunan fari ya ƙara wa ransa kwana 75. Babban abin takara shi ne kifin katsuo na farko, wanda ke biyo ruwan ɗumi ya iso gaɓarsu wajen Afrilu da Mayu. Mutane kan ci bashi don a gan su sun saye shi a ranakun farko. Abin ya kai har gwamnatin shogun ta riƙa fitar da dokoki tun ƙarni na 17 tana ƙayyade ranar da za a fara sayar da wasu kifaye da kayan lambu, don ta rage wannan almubazzaranci. Abin dariyar shi ne, katsuon farko ramamme ne. Mai kitsen sai a kaka yake dawowa, bayan ya yi kiwo a tekun arewa. Ashe gaban maƙwabci ake saye, daɗin yana biyo baya.

Wannan hali bai mutu ba. A gwanjon farko na shekarar 2019 a kasuwar kifi ta Toyosu da ke Tokyo, an sayi kifin tuna guda ɗaya mai kilo 278 a kan yen miliyan 333.6. Kowa ya san talla aka saya da kuɗin.

Wani lokaci al'adar kan koma ta cinye abin da take girmamawa. A ƙarshen Yuli akwai ranar da Japanawa ke cin unagi, wani kifi mai siffar maciji, da imanin cewa yana ba da ƙarfin jure zafi. Ƙasa guda na neman abu ɗaya a rana ɗaya. Kusan duk unagin da ake ci na kiwo ne, amma har yanzu kiwon ya dogara ga kamo 'yan jarirai daga bakin koguna, bayan sun yi doguwar tafiya daga inda ake haihuwarsu, can kusa da tsibiran Mariana. A 2014 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa unagin Japan cikin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Ranar kuwa tana nan a kalanda, kantuna na ci gaba da kafa tutocin talla.

Akwai kuma ehomaki, naɗin shinkafa da ake ci a farkon Fabrairu don neman sa'a. Al'adar yankin Osaka ce, sai kantunan unguwa suka yaɗa ta duk ƙasar a shekarun 1990. Da yake abincin rana ɗaya ne, duk wanda bai sayu ba a daren nan sai juji. Hotunan tulin da ake zubarwa sun tayar da hankalin jama'a, har ma'aikatar noma ta ƙasar ta roƙi 'yan kasuwa a Janairun 2019 su daidaita abin da suke yi da abin da za a saya. Wannan ya faru ne a ƙasar da ake koya wa yara kalmar mottainai, wato takaicin ganin an ɓarnatar da abu mai amfani.

Darasin a nan shi ne, kalanda ba ta gyara zuciya. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne ko ya zo a lokacinsa.

Wa ke biyan kuɗin tumatir ɗin Janairu?

Wani zai ce, to ai shi ke nan, a bar kowa ya ci abin da yake so a duk sanda yake so. Wa aka cuta?

Tambayar tana da amsa. Kaso mai yawa na tumatir da tattasai da Turai ke ci a hunturu yana fitowa ne daga Almeriya a kudancin Sifaniya, inda rumfunan leda suka rufe fiye da kadada dubu talatin, har ana hango farinsu daga sararin samaniya. Yawancin masu aikin ciki baƙi ne 'yan ci-rani, da yawansu daga Maroko da Afirka ta Yamma, kuma an sha ba da rahoton yadda wasunsu ke kwana a bukkokin tsohuwar leda, babu ruwan famfo. Sitiroberin da ke isa Paris tun sanyi bai wuce ba, da yawansa daga Huelva yake, kusa da fadamar Doñana, inda rijiyoyin ban-ruwa suka zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa. A 2021 kotun Tarayyar Turai ta samu Sifaniya da laifin gaza kare wannan ruwa. Idan kuma a cikin Faransa aka noma tumatir ɗin hunturu, to a ɗakin gilashi ne da ake ɗumamawa da iskar gas.

Japan ma ba ta tsira ba. Sitiroberi ɗan farkon ɗumi ne a asali, amma saboda kek ɗin Kirsimeti, yanzu a Disamba ake rububinsa, daga rumfunan da ake ɗumamawa. Ƙasar da ta raba shekara gida 72 tana noma wajen kashi 38 cikin ɗari ne kacal na abincin da take ci, idan aka auna da ƙarfin da yake bai wa jiki. Sauran a jirgin ruwa yake zuwa daga gonakin wasu.

Ashe jiran da mai saye ya ƙi yi bai ɓace ba, an dai ɗora shi a kan wani. Ko lebura ya biya da jikinsa, ko fadama ta biya da ruwanta, ko jikokin da ba a haifa ba su biya. Sarki Louis aƙalla yana iya leƙawa ta taga ya ga masu ɗaukar takin. Mai tura keken sayayya a babban kanti an ɓoye masa su gaba ɗaya.

Sai dai a nan ma kada a yi gaggawar hukunci. Ɗanyen waken da ke kasuwannin Faransa a Janairu, wani daga Senegal yake zuwa, wani daga Maroko ko Kenya. A Senegal kuwa Janairu lokacinsa ne, rana ce ta nunar da shi. Idan Bafaranshe ya ƙaurace masa don yana ganin ya saɓa wa kalandar Paris, wanda zai fara ji a jikinsa ita ce matar da ke tsinkar waken a yankin Niayes. Duniya ba ta da lokaci ɗaya. Saboda haka tambayar da ta fi dacewa ba ta tsaya ga wane wata muke ciki ba. Ta haɗa da cewa: wa ya yi wahalar wannan abu, an biya shi haƙƙinsa, kuma ƙasar da ta ba da shi za ta iya sake bayarwa baɗi?

Ya kamata kuma a tuna cewa ɗan Adam bai taɓa miƙa wuya ga lokaci gaba ɗaya ba, kuma babu laifi a hakan. Cukun Comté madarar ɗumi ce aka adana don sanyi. Japanawa na jiƙa 'ya'yan ume a gishiri a watan Yuni su shanya, su ci shekara guda, suna rataye 'ya'yan kaki a bakin rufi iskar sanyi ta busar da su. Wani Bafaranshe mai suna Nicolas Appert ne ya gano yadda ake rufe abinci a kwalba a tafasa shi ya daɗe, gwamnati ta ba shi kyautar faran dubu goma sha biyu a 1810. Bambancin wannan da tumatir ɗin rumfar leda shi ne, busasshen abu ba ya ƙarya. Ya fito ne daga rarar lokacin yalwa, kuma kowa na ganin shekarunsa a fuskarsa. Matar da ta yanka tumatir ta shanya lokacin da kwando ya faɗi a kasuwa, ta ajiye busasshiyar kuɓewa da kuka don damina, ta san wannan ilimi ba tare da UNESCO ta gaya mata ba.

Waɗanda suka iya tsayawa

To ina halin kirkin yake, idan akwai shi? Ina ganin misalai biyu sun nuna wurin.

Na farko daga gaɓar Bretagne ne a yammacin Faransa. Akwai wata halittar teku mai ɓawo biyu kamar ƙananan faifai, ana cin farin naman da ke ciki, Faransawa na kiran ta coquille Saint-Jacques. Doka ta hana kama ta daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Satumba, don ta samu ta hayayyafa. A mashigin ruwan Saint-Brieuc an ma fi haka tsanani. Tun shekarun 1970 masuntan suka amince da tsarin lasisi, kuma a babban wurin kamun, jirgi na da minti 45 ne kacal, sau biyu a mako, ana sa ido daga sama da jirgin sama. Wadda ba ta kai girman da aka ƙayyade ba a mayar da ita ruwa. Ka yi tunanin mutumin da ke da bashin jirgi a wuyansa, ga dukiya shimfiɗe a ƙarƙashinsa, injinsa lafiya lau, agogo ya cika, ya janye ragarsa. Bayan shekaru ana haka, masu binciken teku na ƙasar sun sha ba da rahoton cewa halittar ta yi yawa a wurin a 'yan shekarun nan. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Gaskiya ne doka ce ke tsare su, kuma akwai masu satar hanya. Amma masuntan da kansu suna cikin masu tsara dokar. Mutum ɗaya ba zai iya wannan haƙuri shi kaɗai ba, domin abin da ya bari maƙwabcinsa zai kwashe. Wani kamun kan sai an yi shi tare.

Misali na biyu ana samun sa a Japan da Faransa. Wajen shekarun 1970, wasu matan gida a biranen Japan da suka tsorata da magungunan feshi suka ƙulla yarjejeniya kai tsaye da manoma. Ana kiran tsarin teikei. Iyalai su yi alkawarin karɓar duk abin da gonar ta bayar, mai yawa ko kaɗan, mai kyan gani ko karkatacce. A 2001 aka kafa irin wannan ƙungiya ta farko a kudancin Faransa, da sunan AMAP, yanzu kuma suna ko'ina a ƙasar. Kana biyan kuɗin wata da watanni tun kafin a girbe, kowane mako ka je ka karɓi kwandonka. Idan hunturu ne, za ka ci kabeji da karas har su gundure ka. Idan ƙanƙara ta kashe shuka, kwandonka zai zo da sauƙi, kuma ba a mayar maka da kuɗi.

A nan mai ci ya karɓi wani kaso na kasadar da manomi ya saba ɗauka shi kaɗai. Jiransa yana rage wa wani nauyi. Wannan ne ya raba shi da mai biyan yen dubu talatin don a nuna masa kaka a faranti, kodayake shi ma ba laifi ya yi ba. Ɗaya kallon lokaci yake yi, ɗaya kuma ya shiga cikinsa tare da wanda lokacin ke iya kayarwa.

Ban-kwana da abin da ake so

Cikin matakan nan uku na Japanawa, hashiri ya fi kawo kuɗi, sakari ya fi cika ciki, amma ina ganin nagori ne ke ɗauke da tarbiyyar. Kowa ya iya murnar zuwan abu. Abin da ke da wuya shi ne ka ga abin da kake so yana tafiya, kana da kuɗin da za ka sa a kawo maka wani daga wata nahiya, ka ce a'a, ya isa, sai wata shekara.

Wanda ya saba da wannan a kwanon abinci yana horar da kansa ne a kan abin da zai same shi a wuraren da kuɗi ba sa aiki. Ƙuruciya tana da nata ƙarshen lokaci, haka mulki, haka zaman iyaye tare da mu. Kasuwar zamani tana raɗa mana kullum cewa babu abin da ke ƙarewa, ka dai biya. Mutumin da ya girma da wannan raɗa a kunnensa, ranar da ya gamu da abin da ba ya dawowa, zai same shi ba shiri.

Mu a nan, akasarinmu har yanzu lokaci ne ke juya tukunyarmu. Mangwaro ya zo da bazara ya tafi, gasasshiyar masara ta zo da damina, tumatir ya yi arha da sanyi ya yi tsada da saukar ruwa. Ba zan ce wa uwar da ta kasa sayen tumatir a watan Yuli ta yi murna don tana rayuwa irin ta masu hikimar Kyoto ba. Abin da take bukata shi ne wurin adana amfanin gona, da hanya mai kyau, da farashin da za ta iya. Amma manyan kantuna na ƙaruwa a biranenmu, kuma wasu cikin masu karanta wannan a waya sun riga sun shiga sahun masu zaɓi. Ga irin waɗannan, tambayar ta riga ta iso: da ka samu ikon cin komai a kowane lokaci, akwai abin da za ka iya bari don kanka, ba don an hana ka ba?

A ranar 10 ga Mayu mai zuwa, masu kantin cuku a Faransa za su sauke akwatunan Mont d'Or na ƙarshe daga kanta. Shanun za su hau tsauni su ci sabuwar ciyawa, masu son cukun kuma za su yi wata huɗu suna cin wani abu dabam.